Me Karenka Yake Faɗa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Nishi, Gurnani, Haushi da Sauran Kukan Kare

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwon kare suke ta maimaitawa, musamman sababbin shiga, kare ya yi wani irin sauti da tsakar dare mutum ya tashi zaune ya rasa ko lafiya ce ko ciwo. An jero su daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an haɗa da likitan dabbobi.

Wai sautin kare yana da ma'ana ne da gaske, ko dai hayaniya ce kawai?

Yana da ma'ana sosai, sai dai ba irin ta kalma ba da za ka ce wannan haushin na nufin ruwa, wancan na nufin ɓarawo. Abin da muryar kare ke ɗauke da shi shi ne halin da yake ciki a daidai lokacin, tsoro ne, murna ce, zafi ne, ko kuwa so yake a matsa a ba shi wuri. Tun 1977 wani masanin dabbobi Ba'amurke, Eugene Morton, ya fitar da wata ƙa'ida da ta shafi tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa: murya mai kauri da kaushi ta barazana ce, siririyar murya mai tashi sama kuma ta tsoro ce ko neman sulhu. Dalilin a fili yake, babbar dabba ita ke da kaurin murya, don haka mai son a ji tsoronsa sai ya kaurara murya, mai neman tausayi kuwa sai ya sirantar da ita kamar ta jariri.

Kuma kunnen ɗan Adam yana kama wannan fiye da yadda muke zato. A 2005 Péter Pongrácz da abokan aikinsa a jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest a ƙasar Hungari sun naɗi haushin wani irin kare na ƙasar da ake kira Mudi a yanayi daban-daban, kamar zuwan baƙo, wasa, da lokacin da aka ɗaure kare aka tafi aka bar shi, suka kunna wa mutane. Har waɗanda ba su taɓa kiwon kare ba sun gane yanayin fiye da a ce sa'a ce kawai.

Sautukan nan kala nawa ne?

Waɗanda kare ke yi don a ji shi su ne haushi, gurnani, nishi, siririn kukan magiya, ihun zafi na farat ɗaya, da dogon kukan nan da yake ɗaga baki sama. Akwai kuma waɗanda jiki ne ke yinsu ba saƙo ba ne, haki, minshari, tari, atishawa, shaƙuwa. Mutane kan haɗa rukunin biyu su rikice, shi ya sa aka ware wa na biyun tambayarsa a ƙasa.

Karena duk lokacin da zai kwanta sai ya yi wani dogon nishi, lafiya kuwa?

Yawancin lokaci lafiya lau. Kare ya gama zirga-zirga, ya yi zagaye sau biyu ko uku a wurin kwanciyarsa, ya zube, nauyin jikinsa ya danne ƙirji iska ta fito ta maƙogwaro da ƙara, shi ke nan nishin da kake ji. Idan ka duba za ka ga ido ya lumshe, kunnuwa sun saki, baki a sake, wani ma har ya miƙe ƙafafu ya juya maka ciki. Irin wannan nishin ne kuma yake yi idan kana sosa masa bayan kunne ko gindin wutsiya, yana tura kansa cikin hannunka yana neman ƙari. Manyan karnuka masu faɗin ƙirji sun fi yinsa da ƙarfi, wasu tun suna ƙanana haka suke har tsufa.

Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, da ma haka yake yi, ko kwanan nan ya fara? Karen da shekara da shekaru yana kwanciya shiru sai ga shi yanzu kullum da nishi, to ruwa ba ya tsami banza. Ka karanta amsar da ke biye.

To ta yaya zan bambance nishin daɗi da nishin ciwo?

Da kunne kaɗai da wuya, gaskiya, don sautin kan yi kama. Labarin zuciya a tambayi fuska, a kare kuwa a tambayi jiki gaba ɗaya. Ka tsaya ka kalli yadda yake kwanciyar. Mai ciwon gaɓoɓi ba ya zubewa, zai tsaya yana ɗari-ɗari, ya fara lanƙwasa ƙafafun baya a hankali, ya tsaya a rabi kamar ya fasa, sannan ya saki jiki gefe guda, kuma kusan kullum gefe ɗaya yake kwantawa. Nishin yana fitowa ne a tsakiyar motsin, lokacin da gaɓar ke lanƙwasa, ba bayan ya gama kwanciya ba. Da safe kuma wajen tashi sai ya ja ƙafafun gaba tukuna, na baya su biyo a makare, ya yi 'yan taku yana ɗingishi kafin jiki ya warware. Ya daina hawa matakala, ya daina tsalle cikin mota, yana lasar gwiwa ɗaya har gashin wurin ya canza launi. Wannan hoton amosanin gaɓoɓi ne, ya fi yawa a tsofaffin karnuka da masu ƙiba, da manyan iri kamar Labrador da German Shepherd waɗanda matsalar ƙugu ta yi yawa a cikinsu.

Nishin ciwon ciki shi kuma daban yake. Karen ba ya iya zama wuri ɗaya, ya kwanta ya tashi ya sake wuri, ya gantsare baya sama, cikin ya yi tauri idan ka taɓa, wani lokacin ya sa ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama ya daɗe a haka. Kada ka ɗauka gayyatar wasa ce, ta wasa tana zuwa da rawar jiki da kaɗa wutsiya kuma ba ta daɗewa. Idan har ciki ya kumbura, tsallaka kai tsaye zuwa tambayar waɗanda ba a jira gari ya waye a ƙasa.

Abu na uku, ka lura da abin da yake yi idan hannunka ya kai wurin. Mai jin daɗi yana matsowa, mai jin zafi yana janyewa, ya waiwayo da sauri ya kalli hannun, ya lashi leɓe, ko ya ƙame.

Idan ba ya kuka ba ya nishi, ke nan ba ya jin ciwo?

A'a, kuma wannan kuskuren ya cuci karnuka da yawa. Ciwon da ya daɗe a jiki kare ba ya cika yi masa kuka, jurewa yake. Ihu na zafin farat ɗaya ne, an taka masa ƙafa, ƙaya ta soke shi. Amma haƙori ruɓaɓɓe, ciwon kunne, ciwon baya, sai ya yi watanni da su shiru, abin da za ka gani kawai ya rage ci, ya rage wasa, yana ɓuya, ko kare mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Mutane su ce ai tsufa ne ko ya canza hali, alhali magani yake buƙata.

Ajiyar zuciya fa, fushi yake da ni?

Ba fushi ba ne. In ya yi ta ido a lumshe kai a kan ƙafafu, hutawa ce. In ya yi ta ido a buɗe yana kallonka bayan ya gama neman a fita da shi ba a fita ba, to ya haƙura ne.

Gurnani na nufin zai yi cizo?

Gurnani gargaɗi ne, ma'anarsa abin nan bai yi mini ba, a dakata. Ko cizo zai biyo baya ya danganta da ko an ji gargaɗin. Kuma gurnanin ma ba iri ɗaya ba ne. A 2010 Tamás Faragó da abokansa, su ma a Budapest, sun ajiye ƙashi suka ɓoye lasifika kusa da shi, kare na zuwa zai ɗauka sai a kunna masa gurnanin wani kare. Da aka kunna gurnanin karen da ke gadin abincinsa, yawancin karnukan sun ja da baya, amma gurnanin wasa da gurnanin da aka yi wa baƙo ba su hana su sosai ba. Wato su a tsakaninsu suna jin bambancin da mu kan kasa ji.

Na wasa gajere ne, a tsitstsinke, yana zuwa lokacin da kuke jan igiya ko karnuka biyu na kokawa, jiki a sake, ana tsalle ana komawa. Na gaske dogo ne mai kauri daga can cikin ƙirji, jiki ya ƙame, ido ya tsaya cak, leɓe ya ɗage haƙora a waje, gashin baya ya miƙe. Kuma kada kaɗa wutsiya ta yaudare ka, wutsiyar da ta miƙe sama tana karkarwa da tauri ba ta murna ba ce. Mafi haɗari shi ne lokacin da gurnanin ya yanke kwatsam kare ya yi tsit bai motsa ba, a nan ne cizo ke kusa. Kada ka zura masa ido, kada ka ruga, ka juya gefe ka ja baya sannu a hankali.

In ya yi mini gurnani, ba sai na dake shi ba don ya san ni ne gaba?

Don Allah kada ka yi. Duka ba ya cire abin da ya sa shi gurnanin, tsoron na nan, zafin na nan, abin da ya koya kawai shi ne gurnani na jawo duka, sai ya daina gurnanin. Ka cire ƙararrawar gargaɗi ka bar wutar tana ci ke nan, gobe yaro ya zo ya taɓa shi yana cin abinci babu wani gargaɗi sai haƙori. Karnuka da yawa da ake cewa sun yi cizo haka kawai ba zato, in aka bi diddigi an taɓa hana su gurnani ne.

Abin yi shi ne ka tsaya, ka ba shi wuri, sannan ka nemi dalili. A kan abinci ne? A bar shi ya ci shi kaɗai, yara kada su kusance shi. Idan an taɓa wani sashe na jikinsa ne, wannan na likita ne, duba amsar nishin ciwo a sama. Idan abin ya yawaita ko akwai ƙananan yara a gidan, a nemi mai horar da karnuka wanda ke aiki da lada ba da bulala ba.

Haushi fa, ta yaya zan san na baƙo da na banza?

Babu na banza, akwai dai wanda ba ka ga dalilinsa ba. Kare yana jin sauti siriri har sama da hertz 45,000 (hertz ma'aunin sirantar sauti ne), mu kuwa iyakarmu wajen 20,000, ga hanci kuma, to sau da yawa yana yi wa abin da kai ba ka ji ba ne. Likitar dabbobi Sophia Yin ta auna haushin karnuka a Amurka a farkon shekarun 2000 ta ga na zuwan baƙo ya fi kauri da kaushi kuma a jere yake zuwa ba hutu, na kaɗaici da na wasa sun fi siranta. Na kaɗaici ɗaya-ɗaya yake fitowa, ya yi, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, ya sake yi. Na neman abu kuwa yana yi yana kallonka, ya kalli ƙofa ko kwanonsa.

Idan yana haushi kai ma ka ɗaga murya kana masa tsawa, shi a wurinsa ka taya shi ne. Gara ka je ka duba abin da ya gani, ka kira shi, in ya yi shiru ka yaba masa. Akwai kuma bambancin iri, Beagle da ƙananan Terrier bakinsu ba ya hutawa, Basenji na tsakiyar Afirka kuwa kusan ba ya haushi sam, wata irin guɗa yake yi.

Siririn kukan nan na magiya da yake yi yana bina, me yake so?

Wannan kukan ƙuruciya ne da ya girma da shi, da shi kwikwiyo ke kiran uwarsa, da ya zo hannunka sai ya mayar da shi kanka. Fitsari ya matse shi, ƙishirwa, zumuɗin fita, tsoron tsawa ko ƙarar wasan wuta, duk da shi yake faɗa. Ka fara duba buƙatun jiki. In duk sun cika kuma lafiyarsa ƙalau, to wataƙila ya gane duk sanda ya yi kukan kana juyowa, sai ka jira ya yi shiru ko na sakan biyar ne kafin ka kula shi. Namijin da ya shaƙi warin karya mai neman barbara shi ma zai yi ta wannan kukan har ya ƙi ci. Wanda kuma ke farawa da zarar ka ɗauki makulli, ka fita ya haɗa da haushi da kartar ƙofa da fitsari a ɗaki, wannan tsoron rabuwa ne, ciwo ne na gaske ba iskanci ba, horo a hankali yake so wani lokacin har da magani.

Me ya sa yake ɗaga kai sama ya yi dogon kuka, musamman da dare ko in jiniya ta wuce?

Gado ne daga kyarkeci, wanda da shi 'yan garke ke kiran juna daga nesa kuma suke shaida wa wasu cewa nan da masu wuri. Dogon sauti mai tsayawa a murya ɗaya yana tafiya nesa fiye da haushi. Jiniya da wasu kayan busa suna kama da shi, shi ya sa kare ke amsawa, ba wai kunnensa ke zafi ba, in da zafi yake ji guduwa zai yi ya ɓuya. Da dare kuwa gari ya yi tsit yana jiyo na nesa da kai ba ka ji. Karnuka irin Husky da Malamute sun fi kowa, su hirarsu ce ma. In kare yana yi ne kawai idan an bar shi shi kaɗai, koma amsar kukan magiya.

Yana barci yana ƙananan kuka, ƙafafu na motsi, in tashe shi?

Bar shi. Kare ma yana shiga matakin barcin nan da ido ke yawo a ƙarƙashin fatarsa, wanda mu a cikinsa muke mafarki, kwiyakwiyi da tsofaffi sun fi motsi a ciki. In dole ne ka kira sunansa daga nesa, kada ka taɓa shi, don a firgice yana iya kai cizo. Farfaɗiya daban ce: jiki ya sandare ko ya yi ta fizga da ƙarfi, kumfa a baki, fitsari ya zubo, ka kira bai ji ba, in ya farfaɗo kuma ya tashi a ruɗe. Wadda ta kai minti biyar ko ta maimaita a rana ɗaya ta gaggawa ce.

Sababbin kwiyakwiyi suna ta tsuwa ba dare ba rana, haka ake yi?

'Yan ƙananan nishi wajen shan nono al'ada ne. Ana haifarsu ido da kunne a rufe, sai wajen sati biyu suke buɗewa, kuma a makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Don haka wanda ke ta kuka ba ƙaƙƙautawa ko dai sanyi yake ji, ko bai samu nono ba, ko ya gangara nesa da uwar. Wanda ya ƙoshi ya ji ɗumi barci yake. In ka mayar da shi jikin uwar bai kama nono ba, jikinsa da sanyi, kada a kwana, su ba su da ƙarfin jira.

Haki, minshari da wannan abin da yake yi kamar numfashi zai ɗauke, su fa?

Haki shi ne hanyar da kare ke sanyaya jiki, don guminsa kaɗan ne, ta tafin ƙafa. Bayan gudu ko cikin zafi babu komai. Hakin da ke zuwa yana zaune a inuwa ba gaira ba dalili kuwa na iya zama tsoro, zafin ciwo, zazzaɓi ko matsalar zuciya. Ga gwaji mai sauƙi, idan yana barci ka ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin sakan 30 ka ninka biyu, in kullum yana haura 30 a minti ɗaya a kai shi a duba. Minshari kuma a karnuka masu gajeren hanci kamar Pug da Bulldog mutane na ɗauka abin dariya ne, ni dai ban ga abin dariya a ciki ba, hanyar iskarsu ce a matse kuma su ne zafi ya fi saurin kayarwa.

Wancan da yake miƙe wuya ya ƙame yana zuƙar iska da ƙarfi ta hanci yana gurɗa-gurɗa, atishawa ce ta koma ciki, ƙura ko zumuɗi ko jan igiyar wuya kan jawo ta, tana wucewa cikin ƙasa da minti, ka shafa masa maƙogwaro a hankali. Busasshen tari mai ƙara bayan ya cuɗanya da wasu karnuka yawanci tarin da suke ɗauka a junansu ne, a ware shi. Ƙananan iri kamar Pomeranian da Yorkshire Terrier kuma in suna tari mai kama da kukan dinya, bututun iskarsu ne ke lotsawa, a daina ɗaure su a wuya a koma ɗamarar ƙirji.

Muryarsa ta dishe, haushin ya canza, in damu?

In ya kwana yana haushi, maƙogwaro ne ya gaji, kwana biyu zai dawo. In tsoho ne babba, murya ta dishe a hankali kuma numfashi na ƙara kamar ana zarto, jijiyar maƙogwaro ce ke mutuwa, ana yawan ganinta a tsofaffin Labrador. Amma akwai wanda ba a wasa da shi. Karen da ba a yi wa allurar rigakafi ba, murya ta canza, yawu na dalala, muƙamuƙi ya saki, ya kasa haɗiya, hali ya juya, a ɗauka haukan kare ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale. A kulle shi a kira likitan dabbobi. Duk wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya tafi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi.

Waɗanne ne ba a jira gari ya waye?

Nishi tare da kumburin ciki da kakarin amai babu abin da ke fitowa. Wannan tumbi ne ya cika da iska ya murɗe, ya fi kama masu zurfin ƙirji kamar Great Dane da German Shepherd, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake kisa. Sai numfashi da ƙyar da dasashi ya koma fari ko shuɗi, ihu idan ya motsa wuya ko baya, ƙafafun baya su ƙi ɗauka, yunƙurin fitsari yana kuka ba ya fita, da karya mai naƙuda da ta yi ta yunƙuri mai ƙarfi wajen rabin awa babu ɗa.

Tsohon karena ya koma kuka da yawo cikin dare, me ya same shi?

Abu uku ake fara dubawa, ciwon gaɓoɓi da ke hana shi samun yadda zai kwanta, raguwar ji da gani da ke sa shi firgita cikin duhu, sai kuma ruɗewar tsufa, inda zai tsaya a lungu yana kallon bango, ya manta hanyar ƙofa, ya yi barci da rana ya farka da dare. A bar masa 'yar fitila, shimfiɗa mai laushi, kada a yi ta sauya wa kayan ɗaki wuri, kuma tsawa ba ta ƙara masa komai sai ruɗu.

Zan iya ba shi maganin ciwon jiki na mutane kafin mu je wurin likita?

A'a. Ibuprofen da diclofenac suna huda wa kare ciki su lalata ƙoda, paracetamol ma in ba likita ne ya auna da nauyin jikinsa ba yana iya taɓa hanta. Abin da zai taimaka shi ne ka ɗauki bidiyon sautin da wayarka lokacin da yake yi, yadda za a ga jikinsa duka ba fuska kaɗai ba, don da yawansu suna shiga asibiti tsoro ya sa su yi tsit kamar ba su ba. Ka kuma riƙe ranar da abin ya fara, lokacin da ya fi yi, ko yana ci yana sha, yadda kashinsa da fitsarinsa suke, sannan ka tafi da katin rigakafinsa.